Daga Ƙofar Na'isa Zuwa Inda Farar Barewa Take

Lokaci zuwa lokaci wani ɗan gajeren bidiyo kan zagayo wayoyinmu: wata dabba mai kama da barewa, fara fat kamar an wanke ta da bula, tana tsallaka titi a wani ƙauyen Amurka, ko tana kiwo a bayan gidan wani Bature tare da 'yan uwanta jajaye. Wasu su yi tasbihi, wasu su ce aljana ce, matasa kuma su ce ai kwamfuta ce ta ƙirƙira. Akwai na bogi a cikin irin waɗannan bidiyoyi, babu shakka, amma dabbar ita kanta gaskiya ce. An san yadda ake haihuwarta, har an ƙiyasta sau nawa take fitowa. Tambayar da ta shafe mu ita ce, me ya sa ba ma ganin irin wannan hoto daga bayan Ƙofar Na'isa, ko daga Tamburawa, ko ma daga dajin Falgore?

Sai mu fara da cewa dabbar nan ta Amurka ba barewarmu ba ce. Ƙahonta rassa gare shi kamar bishiya, namijin ne ke da shi, kuma duk shekara yakan zubar da shi ya tsiro da sabo. Namu na dawa, su barewa da gada da gwanki, dangin shanu da awaki ne. Ƙahonsu ba ya rassa, ba ya zuba. A duk faɗin Afirka, dangin masu ƙaho mai rassa ba su da asali sai a duwatsun arewa, wajen Aljeriya da Tunisiya. To amma tunda Hausa ba ta raɗa mata suna ba, bari mu kira ta barewar Amurka.

Jikin dabba yana sarrafa wani sinadari da ake kira melanin, shi ke ba gashi da fata da ido launi. Idan ƙwayar gadon da ke ba da umarnin yin sa ta ƙi aiki gaba ɗaya, sai a haifi zabiya: gashi fari, hanci da kofato ruwan hoda, ido ja-ja, gani kuma da rauni. Wata gashin ne kaɗai ke yin fari, ido na nan da duhunsa. Wata ta fito dabbare-dabbare, fari da ja, abin da masu doki za su kira danda. Irin wannan sau da yawa takan zo da nakasa, gajerun ƙafafu ko lanƙwasasshen baya. Akwai kuma wadda sinadarin ya yi wa yawa, ta fito baƙa wuluk. Ita ta fi duka wuyar gani, an fi samunta a tsakiyar jihar Texas.

Zabiyanci gado ne mai ɓuya. Dabba na iya ɗauke da shi a jininta tana ja kamar kowa, sai ta haɗu da wata mai ɗauke da shi, sannan a cikin 'ya'yansu huɗu a sa ran ɗaya ya fito fari. Mu yi lissafin a fili. A ce a cikin kowace barewa 70 ɗaya ce ke ɗauke da abin. Damar a ce uwa da uba duka suna da shi ita ce ɗaya cikin 4,900. A raba wannan gida huɗu, ya zama ɗaya cikin kusan 20,000. Ƙiyasin da masu kula da namun daji a Amurka suka saba ambatawa ke nan, ɗaya cikin 20,000 zuwa 30,000. Yanzu a ɗauki dajin da barewarsa duka ba ta wuce 100 ba, ana haihuwar 50 a shekara. A bisa wannan lissafi sai a jira shekara 400 kafin a ga zabiya ɗaya. Wato farar barewa riba ce, jajayen su ne uwar kuɗi.

Amurkawa ba su tashi da wannan jari a hannu ba. Wajen shekarar 1900 farautar kasuwa ta kusa ƙarar da barewarsu mai farar jela, har aka ƙiyasta abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba. A shekarar ce aka yi dokar tarayya da ta hana safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. A 1937 aka yi wata dokar da ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kula da namun daji. Aka ƙayyade lokacin farauta, aka kwaso barewa daga inda ta rage aka kai inda ta ƙare. Yau ana maganar kimanin miliyan 30. A raba wannan da 30,000, an samu zabiya wajen dubu ɗaya, ban da dabbare-dabbare, a ƙasar da kowa ke da kyamara a aljihu. Wasu jihohi, irin su Wisconsin da Illinois, sun ma haramta harbin farar.

Akwai wata hanyar ta biyu. A 1941 sojojin Amurka suka gina rumbun makamai a Seneca, cikin jihar New York, suka kewaye shi da shingen waya mai tsawon mil 24. Barewar da shingen ya ritsa da ita a ciki ta ci gaba da hayayyafa tsakaninta, ba shiga ba fita. Kafin a cika shekara goma aka fara ganin farare, irin masu duhun ido. Kwamandan wurin ya hana a harbe su, alhali ana farautar jajayen. Auren zumunci ya yi aikinsa, umarnin soja ya yi nasa, har fararen suka kai wajen 200. An rufe rumbun a 2000, amma garken na nan. Ba lallai wannan ya zama abin sha'awa ba, domin garken da ba ya samun sabon jini yana tara cuta kamar yadda yake tara fari. Sai dai ya nuna abin da katanga da kalmar mai iko za su iya.

Mu ma da tamu katangar, ta kuma girmi tasu da ɗaruruwan shekaru. An fara ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wajen ƙarni na 12, masu nazarin tarihinta kuma suna sanya Ƙofar Na'isa, wadda aka ce tsohon sunanta Ƙofar Dogo, cikin faɗaɗawar da aka yi a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 15, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke ciki ba. Sauran gonaki ne da lambuna. Amma aikin ganuwarmu ya saɓa da na shingen Seneca. An gina ta ne don ta raba gari da dawa. Da magariba sarkin ƙofa ya rufe, mutum da dabbarsa suna ciki, mahara da namun daji suna waje.

Kuma da dawa a wajen. Tarihin Kano, littafin nan da H. R. Palmer ya fassara daga Larabci a 1908, ya fara ne da mutanen Dala, ya kuma siffanta Barbushe da mafarauci wanda kan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta. Ko mun ɗauki labarin a matsayin ƙari na masu ba da tarihi, ba a yi wa mutum kirari da giwa a ƙasar da ba a san giwa ba. Shaida mafi ƙarfi ma tana cikin harshenmu. Barewa, gada, mazo, mariya, batsiya, kanki, dari, gwambaza, kwanta-rafi, gwanki: kowanne da sunansa, domin wanda ya raɗa sunan ya san bambancin ƙaho da ƙaho, launi da launi. Yau a tsayar da ɗalibai goma a bakin titin BUK a nuna musu hoton mazo, mai ratsi-ratsin fari a jan jiki, da wuya a samu wanda zai ce wani abu ban da barewa. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, muna yi wa jarumi kirari da gwanki sha bara, makarantar da ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna tun tana Katsina ta koma amsa sunan Barewa a Zariya a 1971. Sunan ya fi dabbar daɗewa.

Kada kuma mu zaci cewa a ƙarni na 19 mutum na fita Ƙofar Na'isa ya ci karo da garke. Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya tarar da ƙasar da ke kewaye da birni cike da gonaki da ƙauyuka. Namun daji suna can gaba, a dazuzzukan da ke tsakanin ƙasashe masu gaba da juna. Wannan wani abu ne da ba a cika faɗa ba: yaƙi ne ya riƙe dawa. Dajin Gundumi, a kan hanyar Sakkwato, matafiya kan ratsa shi ne da sauri, dare da rana, don tsoron maharan Gobir. Dajin Rugu yana tsakanin Katsina da Zamfara, kan hanyar mayaƙan Maraɗi. A kudancin Kano hare-haren Ningawa sun hana manomi sakin jiki, sai mutane suka taru a garuruwa masu ganuwa, suka bar wa gwanki da ɓauna abin da ke tsakani.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, hare-haren suka lafa, sai talaka ya ɗauki gatarinsa ya nufi inda a da ba ya iya zuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, a shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya ɓarke, kowane fili ya zama kuɗi. Bindiga ta maye gurbin kwari da baka, daga baya fitilar goshi da mota suka shigo. Ba za mu ga laifin manomin da ya sare daji don ya ci da iyalinsa ya biya haraji ba. Amma lissafin nan na baya bai san uzuri ba. A ƙidayar 2006 mutanen jihar Kano sun haura miliyan 9. Abin da ya rage na babban daji shi ne Falgore, tafiyar fiye da kilomita 100 a kan hanyar Jos, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, kuma a shekarun nan an fi jin sunansa a labarin ɓarayin shanu da atisayen soja. Haka Rugu, haka Sambisa, wanda shi ma asalinsa gandun namun daji ne. Yaƙi ya koma dawa, sai dai wannan karon da bindiga mai sarrafa kanta da cikin da ke neman nama.

In ana son a auna nisan da dawa ta yi mana, a dubi maharbanmu. Mutum 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, Allah ya jiƙansu, mafarauta ne da suka taso daga jihar Ribas za su gida Kano yin Sallah. Sana'ar da Barbushe ya yi a gindin Dala ita ce ta kai su har bakin teku.

To, ashe ba mu da farar dabbar dawa ke nan? Muna da ita, kuma tamu ta fi ta bidiyo ban mamaki, domin farinta ba kuskuren gado ba ne. A arewa da mu, inda ƙasar noma ta ƙare rairayi ya fara, akwai dabbobin da jinsinsu gaba ɗaya farare ne, saboda farin gashi yana mayar da zafin rana.

Kakanninmu sun san ɗaya daga ciki ƙwarai, ko da ba su taɓa ganinta a tsaye ba. Ita ce warwaji, fara mai jan wuya, mai dogon ƙaho da ya lanƙwasa baya kamar takobi. Fatarta na da kauri da tauri ga rashin nauyi, don haka da ita Buzaye ke yin manyan garkuwoyinsu, irin waɗanda suka shahara har arewacin Afirka tun ƙarnoni da suka wuce. Garkuwar ta shigo ƙasar Hausa, mayaƙan doki suka riƙe ta, har sunan dabbar ya zama sunan garkuwa. Ke nan farar fatar dawa ta sha ratsa ƙofofin Kano a hannun barade. A 1955 Faransawa suka keɓe gandun Gadabeji, arewa da Dakoro a jihar Maraɗi, domin kare warwaji da barewa. Bai hana ba. Mota da bindiga, farin shekarun 1970 da 1980, rijiyoyin burtsatse da suka kai garken shanu makiyayar da a da ba sa iya zama, sai kuma yaƙin Chadi da ya faɗa wa babban garke na ƙarshe: kafin ƙarshen shekarun 1980 an daina ganinta. A 2000 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ayyana cewa warwaji ta ƙare a dawa, sai a gidajen zu da gandayen masu kuɗi. Gadabeji na nan. A 2018 an kai masa raƙuman dawa takwas daga yankin Kure.

Ta biyu ita ce wadda Turawa ke kira adaks, mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda ke iya daɗewa ba ta sha ruwa ba sai abin da ta samu a ciyawa. Ita tana sauya riga: da zafi ta yi fari, da sanyi ta koma toka-toka mai ruwan ƙasa. Ba ta da gudu, mota kan bi ta har ta faɗi. Garkenta na ƙarshe yana hamadar Tin Tumma, gabas da dutsen Termit. A 2012 Nijar ta keɓe wurin, fili mai faɗin murabba'in kilomita 97,000, wato ya ninka jihar Kano fiye da sau huɗu. A watan Maris na 2016 aka yi kwanaki ana bincike ta sama da ta ƙasa. Uku aka gani. IUCN ta danganta abin da aikin haƙar man fetur a yankin, da farautar sojojin da ke gadin aikin, da makamai da motocin da suka malalo bayan rushewar Libiya a 2011.

Ta ukun ita ce ta fi dacewa da zancenmu na launi. A nan ana ce mata farin gindi, a Nijar kuma mena, sunan da ƙungiyar ƙwallon ƙafar ƙasar ke amsawa. Hotonta ne a tambarin 'yan wasan da suka kai Nijar gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012. Ta fi kowace barewa tsawo, wuyanta ja, da ɗigon fari a maƙogwaro. A da tana yawo daga bakin tekun Atlantika har Sudan, har da yankin tafkin Chadi na Najeriya. Abin lura shi ne rigarta na sauyawa da tafiya. A yamma, wajen Maroko, jan ya rufe baya duka har cinya. Ana matsowa gabas jan na janyewa, har a kai Chadi da Sudan inda sai wuya da kafaɗa, sauran jiki fari.

Masanan Turai na ƙarni na 19 galibi fatu suke gani a kan teburi, ba dabba a makiyaya ba. Duk fatar da ta ɗan bambanta sai a ba ta suna. Daga baya aka tattara sunayen aka tsaya a kan rukuni uku: ja ta yamma, fara ta gabas, da ta tsakiya. A kan wannan rabo aka gina kiwonta a gidajen zu, ba a haɗa ja da fara. Jajayen da ke hannu duka sun fito ne daga dabbobi huɗu kacal, namiji ɗaya da mata uku, asalin garken da aka kai Almeriya ta ƙasar Sifen a 1971. Sai a 2014 Helen Senn da abokan aikinta suka buga binciken ƙwayoyin gadon mena, suka nuna cewa abin da ke cikin jini bai bi layin da aka shata bisa launi ba. Launin sannu a hankali yake sauyawa daga yamma zuwa gabas, kamar yadda Hausar Kano ke rikiɗa ta zama ta Damagaram ba tare da an tsallake wata katanga ba. Wannan ba musun malamai ba ne kawai. Menar da ta rage a dawa ba ta kai 200 ba, a warwatse a Termit da duwatsun Abzin da wurare biyu a Chadi, ta yadda wadda ke gandayen Texas ta fi ta dawa yawa. In aka ce lallai sai an tsare kowane launi shi kaɗai, an hana garke mai kakanni huɗu sabon jini ke nan. A ganinmu dabba mai gaurayen launi da ke haihuwa ta fi mai tsantsar launi da ke ƙarewa.

Mu kanmu ba baƙin wannan ilimi ba ne. Makiyayan Sakkwato da Maraɗi sun tsayar da jar akuya a kan launi ɗaya, fatarta ta ratsa hamada har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko. Masu doki na rarrabe kili da akawal da bidi da hurde tun daga nesa. Idon yana nan, dabbar gida kawai ya koma kallo.

A 2010 aka rushe tsohon ginin Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, daga baya aka tsayar da na siminti a gurbinsa. Mai fita ta cikinta a yau kwalta zai tarar, da 'yan adaidaita sahu, da unguwanni har Sharaɗa. In namun dawa yake son gani, mafi kusa shi ne gidan zu da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, a farkon shekarun 1970. In kuwa farar dabba yake so, a sake, tana kiwo da kanta, tafiyar ta fi haka: sai tsakiyar Chadi, gandun Wadi Rime da Wadi Ashim.

Can ne a watan Maris na 2016 jirgin sama ya sauke warwaji 25 daga Abu Dabi, zuriyar waɗanda aka kama aka fitar kafin ta ƙare. Aka ajiye su a shinge suka saba da ciyawar wurin, aka ɗaura musu na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam a wuya, da damina ta kankama a watan Agusta aka buɗe musu ƙofa. An ci gaba da kawo wasu, daga baya aka ƙara da adaks. Makiyayan yankin ba a kore su ba. Tare ake kiwo, kuma sukan ba ma'aikatan gandun labarin inda suka ga garke. A watan Disamba na 2023, da adadin ya kai ɗaruruwa, IUCN ta cire warwaji daga jerin waɗanda suka ƙare a dawa.

Kafin shekarar 2016 ta fita an haifi ɗan fari a waje da shinge. Wanda ya gan shi a kwance cikin ciyawa ba zai ce ɗan warwaji ba ne, domin ba a haihuwarsu farare. Ruwan ƙasa-ƙasa suke zuwa, kalar rairayi, don kada dila ya hango su. Sai sun yi watanni, ƙafa ta yi ƙwari, sannan farin ke fitowa.